Maɓallin Malam Bukar

Ranar nan na ji ɗayanku yana cewa ai maɓalli ba aiki ba ne, jawo shi kawai ake yi a ajiye a kan allo. A wurinsa gaskiya ya faɗa, yanzu haka ake yi. Amma ku ɗauki wayarku ku danne wurin ƙara murya, ku riƙe. Za ku ga tana ta hawa, kuna ɗaga yatsa ta tsaya cak. To wani ne ya zauna ya rubuta wannan tsayawar. Ni na rubuta irinta da hannuna a nan Potiskum, cikin shekarun casa'in, kuma na ga abin da take yi wa mutum in ta ƙi tsayawa.

A wurin Oga Yohanna na koyi aiki. Mutumin Jos ne, gajere, mai furfura tun yana da sauran ƙarfi. Ya buɗe shagonsa kusa da tasha ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiha, lokacin da kowa ke rugawa Damaturu da takarda a hannu, kuma kowace takarda sai an buga ta. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune a Dogo Nini, babanmu yana so in bi ƙaninsa kasuwar shanu. Na leƙa shagon ne don in ga abin da ake ta magana a kai, sai ƙafata ta saba da hanyar.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfuta biyu, tsohuwa da sabuwa, kowace da zanen atamfa da ake rufe ta da shi in an tashi. Firinta mai allura, wadda in tana bugu ba ka jin maganar na kusa da kai, kuma in ribin ɗinta ya bushe mu muke jiƙa shi da tawada. Gwangwanin madara cike da fulofi, faya-fayan da muke ajiye aiki a ciki. Sitabilaiza, ƙaramin janareto, da wani littafi mai kauri na yaren kwamfuta da ake kira C wanda bangonsa ya cire tun kafin in zo. Ba intanet, ba wanda za ka tambaya. In littafin nan bai faɗa ba, Oga bai sani ba, to sai ka yi ta gwadawa har abin ya faɗa maka da kansa.

Na shafe watanni ban taɓa rubuta firogaram ba, abin da kuke kira manhaja yanzu. Shara nake yi, in goge ƙwallon da ke cikin maus, in buga wa mutane takardar neman aiki. Da ya yarda in fara, dokarsa ɗaya ce: a takarda zan rubuta komai, ya karanta, sannan in hau kwamfuta.

"Kar ka ƙona min mai kana tunani," in ji shi. "Yi tunaninka a takarda. Takarda ba ta shan fetur."

Shi ya fara nuna mini yadda allon nan yake a ciki. Ya yago bayan kwali ya zana babban akwati, ya zana ƙarami a cikinsa.

"Idi, duk abin da kake gani a allo taga ce. Maɓallin ma taga ce, ƙarama. Babbar da take ɗauke da shi ita ce uwa. Shi maɓalli bai san komai ba. Bai san yana ƙara lamba ba, bai san yana goge rubutu ba. Abin da ya sani kawai an taɓa shi. Sai ya aika wa uwar saƙo da lambarsa a ciki, ya ce ni ne wane, an danna ni. Ita ce za ta san abin da za ta yi."

Maɓalli na yau da kullum sau ɗaya yake magana, in ka danna ka saki. Mai maimaitawa kuwa, wanda kake dannewa ya yi ta aiki, a lokacin ba a ba mu shi a shirye yadda muke so ba. Kai za ka gina shi. In an danna, ya aika saƙon farko, ya kunna wani ƙaramin agogo a cikinsa. Duk bugun agogon, ya sake aika saƙo. In an saki, ya kashe agogon. A baki ke nan. Na ji shi na ce ai wannan ko yau sai in rubuta. Oga ya yi dariya ya mayar da kwalin ƙarƙashin tebur.

Aikin da ya sa muka gina shi da gaske wata malamar makaranta ce ta kawo shi, Malama Hauwa. A Mamudo take koyarwa, takan zo mu buga mata tambayoyin jarrabawa. Ranar tana tsaye a bayana ina gyara mata wani layi, sai ta ce, "Wai mutum mai hannu ɗaya zai iya rubutu da wannan abin?"

Na ce zai iya, a hankali.

"In hannun yana rawa fa?"

Oga ya ɗago kai daga firintar da yake kwancewa. Ta zauna ta ba mu labari. Mahaifinta, Malam Bukar, malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, gidansa a Dogo Tebo. Hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, baki ya tafi. Hankalinsa garau, yana jin komai, amma in ya buɗe baki sai wani gunji. Hannun hagu yana motsi, sai dai karkarwa ba ta barinsa ya riƙe biro.

Oga mutum ne da in ka kawo masa abin da bai taɓa yi ba, to ka hana shi sukuni. Washegari da hantsi muka hau acaɓa muka je, da kibod da maus a cikin jaka. Muka sami tsohon a zaure an jingina shi da matashi, dogo, fari, idonsa tar a kanmu. Oga ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗora masa kibod a cinya. Ya kai yatsa zai taɓa harafi ɗaya, ya taɓa huɗu. Aka ɗauke. Aka sa masa maus a ƙarƙashin tafin hannu. Ba ya iya danna-saki, danna-saki da sauri. Amma in ya ɗora nauyin hannun ya danne, yana iya riƙewa, kuma yana iya ɗagawa lokacin da ya ga dama.

Da muka koma shago Oga ya dube ni. Ya ce, "Danne ya iya, saki ya iya. Ya ishe mu."

Ga abin da muka tsara. Taga ɗaya ta cika allo. A sama, wurin da rubutu zai taru. A tsakiya, harafi ɗaya ƙato. A ƙasa, maɓallai biyu manya, kowane ya kai tafin hannu. In ya danne na hagu, haruffa su yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. In wanda yake so ya fito, ya saki, sai uwar taga ta ɗauke shi ta ƙara a rubutun. Na dama kuwa na gogewa ne, in ya danne ya yi ta cin haruffa da baya. Don haka saƙo iri uku maɓallin zai riƙa aikawa: an danna, ana riƙe, an saki. Haruffanmu masu lanƙwasa babu su a kwamfutar, ni na zana su ɗigo-ɗigo. Da farko mun jera haruffan yadda ake karanta su a aji ɗaya. Malama Hauwa ce ta duba ta ce, "A'a. Ku sa wasula a gaba, da na, da ka, da sa. Su ne suka fi yawa a magana. Kar ku sa shi jiran banza." Muka gyara.

Oga ya ce a kai masa tsohuwar kwamfutar, shago ya yi maneji da sabuwar. A baro muka tura ta har Dogo Tebo, an naɗe ta da bargo.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Baba, yadda muke kiran Malam Bukar ke nan, ya danne, haruffa suka fara tafiya, ya saki, sai muka ga sun ƙara gaba da biyu ko uku kafin su tsaya. Ya goge, ya sake, haka dai. Ya dube ni, ya dubi allon, ya ture maus ɗin da bayan hannu. A shago a kan sabuwar kwamfuta abin yana tsayawa daidai, don ita tana da sauri.

Sai da muka koma muka shimfiɗa takarduna Oga ya sa yatsa a kan layin. Hanya biyu ce maɓalli yake aika saƙo. Ko ya jefa shi a layi ya yi gaba abinsa, ko ya miƙa wa uwar hannu da hannu ya tsaya har ta gama da shi. Mun bi ta farko, don ita littafin ya fara nunawa. Tsohuwar kwamfuta kuwa tana ɗaukar lokaci kafin ta zana wannan ƙaton harafin. Kafin ta gama ɗaya, agogo ya buga, wani saƙon ya shiga layi. Abin da Baba yake gani a allo ya riga ya zama tsohon labari. Yana saki, uwar ta ci gaba da cinye waɗanda suka taru. Muka sauya, maɓalli ya riƙa jira. Ba zai aika na gaba ba sai harafin ya bayyana a ido. Kalma ɗaya muka canja a cikin layin, amma gano ta ya ci mana yini.

Akwai kuma karkarwar. Wani lokaci hannun yakan yi tsalle ya dawo, sai maɓalli ya ce an saki, alhali bai yi niyya ba. Muka koya wa uwar ta ɗan dakata in ta ji an saki. In ba a sake dannawa nan take ba, sannan ta karɓi harafin.

Ranar da muka kai wa Baba gyaran, matarsa, Inna Gambo, ta fito ta tsaya a bakin zaure da ludayi a hannu. Baba ya ɗora hannu. Harafi ya fito, ya zauna. Wani ya biyo baya. Ba wanda ya yi motsi. Na ɗauka sunan Allah zai rubuta, ko sunan 'yarsa. Da ya gama, Malama Hauwa ta karanta a fili:

"Ruwan wanka zafi."

Inna Gambo ta saki ludayin. "Innalillahi! Malam, tun yaushe? Ai cewa aka yi zafin yana tayar da jijiya!"

Tun da ya kwanta suke yi masa wanka da ruwa mai tururi, yana gunji, suna cewa ciwon ne. Malama Hauwa ta juya ta shige cikin gida, ba ta fito ba sai da muka tashi tafiya.

Daga nan labari ya bazu cewa Malam Bukar ya dawo magana ta cikin talabijin. Makiyayan da ya yi wa aiki shekara da shekaru suka fara zuwa, musamman ranar kasuwa. Mutum zai tsuguna ya faɗi yadda saniyarsa take, Baba ya yi tambaya a allo, wani ya karanta, a ba shi amsa, ya rubuta abin da za a yi. Ni nakan je in duba injin, in tarar da takalma cike da ƙofar zaure.

A irin wannan ranar ce abin ya faru, ina wurin. Wani dattijon Bafulatani, tsohon abokin hulɗarsa, ya zo daga rugar da ke bayan Mamudo, maruƙansa suna mutuwa. Baba ya fara rubuta masa bayani tun da hantsi. Ku da kuke buga shafi kafin shayi ya huce ba za ku gane ba. Kowane harafi sai ya jira shi ya zagayo. Har aka kira azahar yana yi, gumi yana bin wuyansa, ya kusa cika allon. Sai ya yi kuskuren harafi ɗaya. Ya ja maus zuwa maɓallin gogewa, ya danne. Hannun ya yi rawa, kibiyar maus ɗin da ke allo ta zame ta fita daga kan maɓallin. Ya ɗaga hannunsa.

Gogewar ba ta tsaya ba.

Muna kallo rubutun yana komawa baya, harafi bayan harafi, layi bayan layi. Baba ya yi wani irin ƙara, yana dukan tabarma. Kafin in tsallake mutane in kai hannu, allon ya koma fari.

Bafulatanin ya dube ni ya ce, "Yaro, ina maganar ta tafi?"

Na ce ta goge.

"To a dawo da ita mana."

Babu inda za a dawo da ita. Baba ya juya fuskarsa bango. Dattijon ya zauna har la'asar yana lallashinsa, daga baya ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ban san abin da ya sami sauran maruƙan ba.

Ga abin da ya faru a ciki, ku saurara, don har yau ina ganin irinsa a aikin wasunku. Labarin sakin maus yana zuwa ne ga tagar da kibiya take kai a lokacin da aka saki. Kibiyar Baba ta bar maɓallin, don haka wata tagar ce ta ji an saki, ita kuwa ba ruwanta. Maɓallin bai ji komai ba. A saninsa har yanzu ana danne da shi. Agogonsa yana bugawa, yana ta aika wa uwar saƙo, ita kuma tana ta gogewa, don abin da aka ce ta yi ke nan. Ni da Oga mun gwada wannan maɓallin sau ba adadi, amma hannunmu ba ya rawa. Ba mu taɓa zamewa ba.

Na ce wa Oga mu cire ƙwallon maus ɗin kawai, kibiya ta daina motsi. Ya ce, "In ta daina motsi da me zai je wurin gogewa? Zauna mu yi aiki." A can ƙarshen littafin muka samo maganin. Da zarar an danna, maɓalli ya kama maus ɗin gaba ɗaya, ya ce duk inda kibiya ta je, labarinta wurina zai zo har sai an saki. Oga bai tsaya nan ba. Ya ce in wani abu ya faɗo ya ƙwace maus ɗin daga hannun maɓalli fa? Muka sa in hakan ta faru ya kashe agogonsa nan take. Sannan muka hana uwar biyayya ido rufe: komai yawan saƙon gogewa, in ta ci kalma ɗaya ta tsaya, sai an saki an sake dannawa. Kuma duk abin da ta goge ta ajiye shi a gefe.

Gyaran bai ba mu wuya kamar tsohon ba. Ya ƙi ko kallon allon. Malama Hauwa ta yi, Inna Gambo ta yi, ya ƙi. Sai Oga ya rufe shago ya je da kansa. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, ba hannunka ba ne. Injin ne bai iya ji ba. Yanzu ya iya. Duba."

Ya rubuta layi, ya danne gogewa, ya fizgi maus ɗin har ƙarshen tabarma, ya saki. Ta tsaya. Ya sake, ya sake. Baba yana kallo ta wutsiyar ido. Can ya miƙo hannu. Bai rubuta komai ba tukuna. Ya danne gogewa, da gangan ya ture maus ɗin gefe, ya ɗaga hannu, ya zuba wa allon ido. Da ya tabbata, sai ya koma maɓallin hagu ya rubuta haruffa biyu: "To."

Bayan nan muka ƙara abu ɗaya. Mun lura da yamma yakan gaji, haruffa su riƙa wuce shi. Sai muka sa uwar ma ta riƙa yi wa maɓalli magana. In ta ga gogewa ta yi yawa, ta aika masa ya rage saurin agogonsa. Da safe kuma ta mayar da shi yadda yake. A duk abin da na rubuta a rayuwata, ban san wanda ya zauna daidai kamar wannan ba.

Wannan lokacin ya yi daɗi. Tsohon ashe mai barkwanci ne. Hausar Oga irin ta Jos ce, ba ya raba mace da namiji. Wata rana ya ce, "Matana ya ce in gaishe ka." Baba ya ɗora hannu, muka zuba ido muna jiran muhimmiyar magana. Ya ɗauki lokacinsa, ya rubuta: "Ta ce." Oga ya yi dariya har da tari.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Waɗanda suka girme ku za su ba ku labari. Motoci su kwana a layi, galan a bakin titi ya fi ƙarfin talaka, wuta kuwa sai a yi kwana da kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Janaretonmu ya zama abin zama. Masu kawo bugu suka koma wurin masu tafireta, don ita ba ta jiran wuta. A gidan Baba, in an kawo wuta ko da rana tsaka ce Inna Gambo take barin tukunya ta ruga ta kunna masa, ya yi maza ya faɗi abin da ya tara.

Rannan aka kawo wuta da ƙarfin da ya wuce hankali. Sitabilaiza ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, sabuwar kwamfutar ta ƙone har cikinta. Oga ya kai ta Kano, aka ce sai dai a sayi wata. Shago ba injin, ga haya, ga yara a makaranta. Ya yi kwanaki yana zagaya maganar. Daga ƙarshe ya ce in ɗauko baro, mu karɓo tsohuwar daga gidan Baba.

Shi ya yi bayanin da bakinsa, a durƙushe. Ya ce duk Asabar za mu riƙa kawowa, in akwai wuta ko an sami mai. Malama Hauwa ta ce, "Oga, ba yadda za a yi? Ko awa ɗaya a rana?" Ya ce, "Malama, da akwai, da ban zo ba." An yi sa'a da wuta a lokacin. Baba ya ɗora hannu ya rubuta: "Aro ne dama." Ya janye hannun da kansa. Na kashe, na naɗe wayoyin.

Mun cika alkawarin Asabar na ɗan lokaci. Wani zuwan mu tura baro har can, mu zauna jiran wuta har yamma, mu turo shi mu dawo ba a kunna ba. Kafin damina ta fita Oga ya rufe shagon. Ya ce Jos zai koma, ko zai sami aiki a wurin wani ɗan'uwansa, kuma ba shi da abin nunawa sai wannan tsohuwar kwamfutar. Ba wanda ya ga laifinsa. A tasha ya ba ni littafin nan marar bango da fulofi ɗaya mai firogaram ɗin Baba.

"Duk ranar da ka sami inji, ka fara da shi," in ji shi.

Na koma buga tafireta a ƙarƙashin bishiya kusa da kotu. Nakan je gaida Baba. Makiyayan sun daina zuwa. In na shiga ya dubi hannuna, ya ga ba komai, ya mayar da ido rufin zaure. Malama Hauwa ta nemi kwamfuta a wurare, amma a lokacin ko ofisoshi ba kowane ke da ita ba, balle a ba ka aro ka kai gida.

An fi shekara a haka kafin in haɗa wata ta gwanjo, kai daban, allo daban. Na sa fulofin, ya ƙi karantuwa, danshi ya cinye shi. Na zauna na sake rubuta komai daga ka, a takarda tukuna, yadda aka koya mini: jiran uwa, kama maus, tsayawa a kalma ɗaya, rage sauri. Da ya tashi daidai, na ɗauki baro.

Na tarar an mayar da shi ɗaki, ya rame ƙwarai. Malama Hauwa ta sunkuya ta ce, "Baba, ga Idi. Ya kawo injin." Idonsa ya buɗe sosai. Na haɗa wayoyi, na kunna, ƙaton harafin ya fito. Ta ɗauki hannunsa na hagu ta ɗora a kan maus.

Hannun ya daina rawa. Ya kuma daina dannawa. Muna ganin jijiyar wuyansa tana tashi, yana iya ƙoƙarinsa, amma maɓallin bai motsa ba. Na sassauta abin dannawar da tsinken sukurudireba, na sa masa matashi a gwiwar hannu. Shiru.

Ban san abin da ya sa ba, sai na ɗora nawa hannun. Na ce, "Baba, ni zan danne. In naka ya fito, ka ƙifta ido, in saki."

Na danne. Haruffa suka fara wucewa. Ina kallon fuskarsa, ba allon ba. Ya ƙifta da ƙarfi, na saki. Malama Hauwa ta karanta harafin: ka. Na sake dannewa. Ya ƙifta. Haka muka yi ta yi, harafi na biyu, na uku.

Muna cikin haka sai ta kama bakinta. Ta ce a hankali, "Idi. Wannan ai ko a kwali ne. Da na rubuta haruffan a kwali ina nunawa yana ƙiftawa, ai da mun yi."

Na janye hannuna daga maus ɗin. Ni da ita da Oga, duk mun sa a ranmu cewa maganar tsohon a cikin injin take, in babu wuta babu ita. Fiye da shekara yana kwance da idonsa lafiya lau.

Baba ya yi gunji, wai mu ci gaba. Na mayar da hannu. Ya ƙarasa abin da ya fara, ta karanta:

"Kun daɗe."

A ranar ta yanko kwalin sabulu ta rubuta haruffan da gawayi. Da shi suka yi magana a 'yan makonnin da suka rage masa. Injin kuwa na tura shi na mayar gida tun kafin magariba.